Sanarwar Bayan Taro Kan Iyakar Gudu da Sitol a Ƙananan Jirage Masu Ƙarfin Inji

Ƙungiyarmu ta matuƙa, malaman tuƙi da injiniyoyin ƙananan jiragen sama ta yi zama na musamman kan jiragen da ake ɗora wa inji mai ƙarfi a kan jiki mara nauyi. Bayan sauraren malamai da muhawara mai tsawo, taron ya lura da abubuwa kamar haka:

1. Ƙa'idoji suna sauyawa. A 2004 Amurka ta taƙaita ƙananan jiragen nishaɗi ga nauyin kimanin kilo 600 da gudun kimanin kilomita 222 a awa. A Yulin 2025 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta fitar da dokar MOSAIC, wadda ta cire iyakar nauyin, ta mai da gudun da jirgi ke yin sitol ma'auni. Ke nan jirage masu nauyi da sauri za su ƙaru a kasuwa.

2. Ƙarin ƙarfin inji ba ya canja fiffike. Sitol yana faruwa ne idan fiffike ya ɗaga wa iska fiye da kima, wajen digiri 15 zuwa 18, sai iskar ta rabu da bayansa, jirgi ya rasa abin da ke ɗauke da shi. Wannan na iya faruwa a kowane gudu, ko da totur a cike yake.

3. Kwana yana ɗaga gudun sitol. Idan matuƙi ya kwantar da jirgi digiri 60 yana riƙe da tsayinsa, nauyin da ke kan fuka-fuki ya ninka biyu, gudun sitol kuma ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Wuri mafi haɗari shi ne kwanan ƙarshe kafin sauka: matuƙi ya zarce layin titin jirgi, ya taka feda don ya jawo hanci, fiffike ɗaya ya faɗi, jirgi ya shiga wulwulawa a inda babu tsayin da za a farfaɗo.

4. A lokacin tashi, farfela mai ƙarfi tana jan hancin yawancin waɗannan jirage zuwa hagu. Hanci a sama, gudu kaɗan, ƙafar dama kuma ta yi sanyi a kan feda: nan ne sitol yake zuwa da karkata.

5. Jan layi a agogon gudu iyaka ce ta jikin jirgi. Inji mai turbo yana iya kai jirgi gudun da zai sa fuka-fuki da wutsiya su kama karkarwa har su karye, musamman a sama sosai, inda ainihin gudu ya fi abin da allura ke nunawa.

6. Zafin Maris da Afrilu a Arewa, da tsayin wurare irin su Jos, suna sa iska ta yi sauƙi. Jirgi yakan ci titi mai tsawo kafin ya tashi, hawansa kuma ya yi nauyi.

Bisa haka, taron ya cim ma matsaya kamar haka:

a. Duk mamban da zai koma jirgi mafi ƙarfi sai ya tashi tare da malami, ya gwada sitol da totur a buɗe da kuma a rufe, a tsayi mai aminci, kafin ya ɗauki fasinja.

b. A sitol, a fara sauke hanci, a daidaita fuka-fuki, sannan a ƙara totur bisa littafin jirgin.

c. Wanda ya zarce layin titi ya fasa sauka, ya sake zagayowa. Babu abin kunya a ciki. Sauri ya haifi nawa.

d. Ba a shiga rawayan zango na agogon gudu sai iska a kwance take. A tuna cewa gudun da aka yarda a yi juyi mai ƙarfi da shi yana raguwa idan jirgi ba shi da kaya.

e. Kada a sauya inji ko farfela ba tare da amincewar kamfanin da ya ƙera jirgin da kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ba.

f. Muna kira ga NCAA da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da su ƙara ba wannan horo muhimmanci, mambobi kuma su riƙa karanta rahotannin binciken haɗurra na hukumar NSIB.

Taron ya ɗora wa kwamitin horo alhakin kawo rahoton aiwatarwa a zama na gaba. Allah Ya tsare mu a tashi da sauka.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare