Sakkwatawa, Mu Bi Sawun Alkawari!

Ya ku mutanen Birnin Shehu! Ranar 29 ga Mayun 2023 Gwamna Ahmed Aliyu ya sha rantsuwa, ya zo da ajanda tara, ciki har da tsaro, noma, ruwan sha da farfaɗo da tattalin arziki. Madalla. Amma alkawari kaya ne, kuma idan masu shi suka yi barci, a hanya ake sauke shi.

Mun ga abin da shirunmu ya jawo. Tun 2008 aka ba da kwangilar tashar lantarki ta jiha mai megawat 38. Gwamnatoci biyu suka zo suka wuce, mai walda da mai injin niƙa suna nan suna sayen man janareto. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce jiharmu ce kan gaba a talauci, mutum tara cikin goma. Jihar da ke da madatsar Goronyo da simintin Kalambaina!

Ku dubi manomin albasa na Wurno ko Kware. Ya yi rani yana ban ruwa, ya cire, ya jera a rudu. Zafi ya taso, danshi ya biyo baya, sai ya riƙa tsince ruɓaɓɓu yana zubarwa, ko ya sayar da arha tun kaka don gudun asara. Dillali ya loda mota zuwa Legas, riba ta bi shi. Haka fatar jar akuyarmu, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko: mu ke kiwo, wasu ke cin moriyar jima da ɗinki. Tsarin da bai kawo wa wannan manomi ma'ajiya ta zamani ba, bai kuma samar da tsaron da zai buɗe wa ɗan'uwansa na Isa da Sabon Birni hanyar gona ba, ado ne kawai a takarda.

Don haka a tashi! 'Yan kasuwar Kara, matan unguwa, malamai, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku nemi kasafin kuɗin bana ku karanta. Nawa aka ware wa ruwan unguwarku? Wa aka ba kwangilar? Yaushe zai gama? Ku taka ƙafa zuwa wurin aikin, in an yi ku yaba, in ba a yi ba ku ɗauki hoto, ku kira gidan Rediyon Rima. Ɗan majalisarku ma ku same shi har ofis, ku tafi ku da yawa, da tambayoyinku a rubuce.