Ko magungunan ƙarin kuzari na iya gyara huhun mai shan taba?

A kasuwannin karkara na arewacin jihar Kano, irin na Dambatta da Bichi, ba a rasa masu tallan magani da lasifika, waɗanda ke alƙawarin wanke ƙirji da kawar da tari. Yanzu kuma ga ƙwayoyin ƙarin sinadarai da ake tallatawa ta intanet, wasunsu da da'awar cewa suna ƙara wa jiki sinadarin naitirik oksaid.

Sinadarin dai ba ƙage ba ne. Iska ce da jikin ɗan Adam ke samarwa, wadda ke sassauta jijiyoyin jini domin jini ya gudana sosai. Gano wannan aiki nata ne ya sa aka bai wa Amurkawa uku, Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad, lambar yabo ta Nobel a 1998.

An kuma tabbatar cewa masu shan taba kan fitar da wannan iska a numfashinsu ƙasa da yadda marasa sha ke fitarwa. A nan ne 'yan kasuwa suka samu ƙofa: tunda ta ragu, a sayi abin da zai mayar da ita.

To sai dai mayar da ita ba ya nufin huhu ya warke. Gwaje-gwajen da aka yi a Turai, inda aka bai wa masu cutar toshewar huhu abin sha mai sinadarin naitiret, wanda jiki ke juyawa ya zama naitirik oksaid, sun nuna ɗan sauƙi a hawan jini, wasu kuma a juriyar tafiya. Ba su nuna cewa huhun da hayaƙi ya lalata ya koma yadda yake ba. Shi kuwa naitiret, akwai shi da yawa a alayyahu da latas ɗin da manoman rani ke nomawa a yankin, a farashin da bai kai na kwalba guda ba.

Darasin Finlan

Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne abin da ya faru da beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, wanda aka taɓa sa ran zai kare mashaya taba daga sankara. An gwada ƙwayoyinsa a kan maza mashaya kimanin 29,000 a Finlan, amma sakamakon da aka fitar a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha. Wani gwajin makamancinsa a Amurka sai dakatar da shi aka yi a 1996, saboda wannan dalili.

A 1994 ɗin ne kuma wani babban bincike a Amurka da Kanada ya nuna cewa daina shan taba na rage saurin raunanar huhu.

Ga manomin da ke shaƙar ƙurar hunturu da ta sussuka, ga hayaƙin kara da itace a gida, asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Tarin da ya wuce mako biyu na iya zama tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma duk watan da aka ɓata ana jiran aikin wata kwalba, iyali na cikin haɗarin kamuwa.

Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, amma har yanzu haka ake sayen ta a teburan ƙauyuka.