Jirgi Mai Saukar Ungulu: Daga Aji Ake Tashi

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a birnin Katsina ya san abin da yakan faru idan jirgi mai saukar ungulu ya ratsa ta bisa rufin makaranta. Darasi yakan tsaya cik. Wuya duka ya karkata wajen taga, malam kuwa ya tsaya da alli a hannu yana jiran ƙara ta wuce. Mukan yi faɗa, amma a gaskiya mu ma mukan saci kallo. Wata rana muka tambayi 'yan aji huɗu ko su wa ke so su tuƙa irin wannan jirgi. Kusan kowa ya ɗaga hannu. Sai muka sāke tambaya, wa ya san ƙofar da ake shiga? Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ce sai ɗan babban mutum. Wata yarinya kuma ta ce ai ba aikin mata ba ne. Dukansu biyu sun yi kuskure, amma laifin namu ne, mu malamai da iyaye, gama ba mu taɓa zaunar da su mun bayyana musu ba.

Jiragen nan ba shan iska suke fita ba. Tun 2018, lokacin da Rundunar Sojojin Sama ta fara aikin da ta kira Diran Mikiya, filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suke tashi zuwa dazuzzukan Zamfara da Dajin Rugu. Akwai 'yan makarantarmu da yawa da ke da dangi a Batsari, Safana, Jibiya ko Faskari, sun kuwa san dalili fiye da mu. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, bai kamata 'ya'yan wannan jiha su ƙare a kallo ta taga ba. Jihar da ta haifi Janar Hassan Usman Katsina ba baƙuwa ba ce a aikin soja. A cikinku akwai waɗanda za su iya zama a kujerar matuƙi, in an nuna musu hanya da wuri.

Abu na fari da za ku riƙe shi ne, matuƙin jirgin soja hafsa ne. A nan ne yara da yawa suke ɓata. Sukan ji ana ɗaukar sojan sama, su ruga su cika fom, alhali kuwa ɗaukar kurata ce. Aikin kurtu aiki ne mai daraja, daga cikinsu ake samun makanikai da masu kula da makamai waɗanda in babu su jirgi ba zai ɗaga ba. Amma wannan ƙofa ba ta kai mutum kujerar matuƙi. Ga wanda ya gama sakandare, babbar ƙofa ita ce Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, wadda aka kafa a 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Sojojin Sama kanta da taimakon Jamus ta Yamma.

Sharuɗɗan shiga ba ɓoyayyu ba ne, kowace shekara ana buga su. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Ana son wanda shekarunsa ba su wuce iyakar da aka sa ba, wanda kuma ba shi da aure. Sai ya zauna jarrabawar JAMB ya sa NDA a zaɓinsa na farko, sa'an nan ya zauna jarrabawar makarantar ita kanta. Wanda ya ci sai a kira shi Kaduna gaban hukumar zaɓe, inda za a auna tsawonsa, a sa shi gudu, likitoci su duba shi daga kai har tafin ƙafa, kana a yi masa tambayoyi baki da baki. Gurabe kuwa jiha-jiha ake raba su. Ma'anar wannan ita ce, ɗan Katsina da 'yan Katsina yake takara, ba da dukan Nijeriya ba. Ku kuma da aka haifa a nan amma asalin iyayenku Filato ne ko Kaduna ko Binuwai, takardar ƙaramar hukumarku ta asali za a nema, gara ku tanade ta tun kuna aji biyar.

Shiga NDA ma ba shi ne tuƙi ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci da ya kamata a faɗa tun yanzu. Ɗalibi zai yi shekaru yana karatun digiri haɗe da horon soja, kuma rundunar ce ke zaɓen wanda zai koyi tuƙi bisa ga ƙwazonsa da lafiyarsa da bukatarta. Wasu sukan zama injiniyoyi, wasu masu kula da zirga-zirgar jirage, wasu masu lissafin kaya. Wanda aka zaɓa yakan fara da ƙaramin jirgi mai fukafukai a makarantar koyon tuƙi ta 401 da ke Kaduna, inda ake amfani da irin su Super Mushshak ƙirar Pakistan. Daga nan hanya take rabuwa. Masu zuwa jiragen yaƙi masu gudu sukan nufi Kano, makaranta ta 403. Masu zuwa jirgi mai saukar ungulu sukan nufi Inugu, wasu kuma a tura su ƙasashen waje. Sai wanda ya ƙare wannan duka ake maƙala wa alamar fukafukai a ƙirji. Ko bayan haka da sauran karatu, gama kowane irin jirgi da nasa kwas: wanda ya iya Agusta 109 na Italiya ba zai hau Mi-35 na Rasha ko T129 na Turkiyya haka kawai ba.

Domin ku ga tsawon tafiyar, ku dubi Tolulope Arotile. A Kaduna aka haife ta a 1995, a can ta yi firamare da sakandare. Ta shiga NDA a Satumba 2012, ta karanta Lissafi, ta fito hafsa a Satumba 2017. Aka tura ta Afirka ta Kudu koyon tuƙin helikwafta, ta kuma yi ƙarin horo a Italiya. Ranar 15 ga Oktoba 2019 aka maƙala mata fukafukai, ta zama mace ta fari a Nijeriya da ta tuƙa helikwaftan yaƙi. Shekara bakwai ke nan. Ta yi aiki a yaƙi da 'yan bindiga a Jihar Neja, ta rasu ranar 14 ga Yuli 2020 a haɗarin mota a barikin sojan sama na Kaduna, tana da shekara 24. Kafin ita akwai Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, wadda a 2012 ta zama mace ta fari matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan. Wannan ita ce amsarmu ga 'yar aji huɗun nan. Shi kuma yaron da ya ce sai ɗan babban mutum, muna tuna masa cewa injin jirgi bai san sunan uban kowa ba. Babban hafsan da ya shugabanci sojan sama daga 2015 zuwa 2021, Sadique Abubakar, mutumin Azare ne, kuma matuƙin helikwafta ne.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, wato yadda yara suke gudun Lissafi da Fizik tun daga aji huɗu, suna cewa su soja za su shiga, me ruwansu da boko. Ku saurara. A jirgi mai saukar ungulu hannu biyu da ƙafa biyu duka suna aiki a lokaci guda. Hannun dama yana riƙe da sanda a tsakanin gwiwoyi, ita ce ke karkata babbar farfela gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu yana kan wata liba mai kama da birkin hannu na mota, ita ce ke ƙara ko rage cizon da farfela ke yi wa iska, jirgi ya hau ko ya sauko. Ƙafafu kuwa suna sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Me ya kawo ta? Dokar Newton ta uku, wadda kuke hamma idan ana koya muku ita. Yayin da inji ke juya babbar farfela ta wannan gefe, jikin jirgin yana neman ya juya ta wancan gefe, ƙaramar farfelar ce ke hana shi. Taɓa ɗaya daga cikin ukun nan, tilas ka gyara sauran biyun. Shi ya sa tsayawa cak a sama, abin da muke gani kamar wasa, shi ne ya fi ba sabon ɗalibi wuya.

Daɗin daɗawa, yanayin ƙasarmu ba ya rangwame. A watan Afrilu, da zafin Katsina yakan kai digiri 40, iska takan yi sako-sako, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa yakan ragu. Jirgin da ya ɗauki kaya lami lafiya da asuba yana iya kāsa ɗaukar wannan kayan da azahar. Matuƙi ne zai lissafta nauyin mutane da mai da harsashi kafin ya tashi, kuskure kuwa ba jan biro ne sakamakonsa ba. Lokacin hunturu hazo yakan rufe ido, sai an dogara ga na'urori. In an zo sauka a fako, farfela takan ta da ƙura har matuƙi ya daina ganin ƙasa. Idan inji ya mutu a sama ma akwai dabara: a saki libar hagu nan da nan, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela, a lallaɓa a sauka. Daƙiƙoƙi kaɗan ake da su. Dukan maganar da ake yi ta rediyo kuma da Turanci ne, a taƙaice, ba inda-inda. To, ina wurin ragon ɗalibi a nan?

Mun san abin da iyaye za su ce, mun sha jinsa a bakin majami'a bayan an tashi sujada. "Malam, mu sha wahala mu biya kuɗin makaranta, sa'an nan mu miƙa ɗa ga mutuwa?" Ba za mu raina wannan magana ba, gama mu ma iyaye ne. Haɗarin na gaske ne. Ranar 2 ga Janairu 2019 wani Mi-35 ya faɗi a Damasak ta Jihar Borno, mutum biyar da ke ciki suka rasu. Ranar 14 ga Agusta 2023 wani Mi-171 da ya je kwaso sojojin da aka raunata ya faɗi kusa da Chukuba a Ƙaramar Hukumar Shiroro. Ba mu ce a tilasta wa kowane yaro ba. Abin da muke roƙo shi ne, kada a kashe wa yaro zuciya kafin a ji shi. Waɗanda suke tashi kullum domin manomin Sabuwa ya koma gonarsa, su ma 'ya'yan wasu ne, suna da iyaye mata da ke kwana ba barci.

Akwai kuma wani nauyi da ya fi tsoron mutuwa, shi ne nauyin ran wani. A Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. A Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kashe mutane masu yawa da ke taron Mauludi a Tudun Biri. Daga sama, mai noma da mai bindiga suna iya kama da juna. Saboda wannan ne ba ma ƙarfafa yaron da kaki kawai yake so, ko wanda ke neman hanyar ramuwa, ko sarkin cin zalin ƙanana a ɗakin kwana. Wanda muke so ya je shi ne mai natsuwa, mai iya cewa "ban tabbata ba" a gaban na gaba da shi. Irin wannan hali a makaranta ake fara ganinsa, mu malamai kuwa mun san masu shi.

Gargaɗi guda game da 'yan damfara. Mun san gidan da aka sayar da bijimin noma aka ba wani mutum da ya ce yana da hanya a Kaduna. Har yau ba kuɗi, ba gurbi, yaron kuma shekarunsa sun wuce. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sa suna, a tambaye shi ko shi ne zai yi wa yaron gudu, ko shi zai zauna gaban likita.

Ga abin da muke ganin makaranta za ta iya yi tun bana, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A duba idanun 'yan aji uku kafin su zaɓi fanni, musamman gwajin bambanta launi, domin wanda ba ya rarrabe ja da kore ba zai wuce likitan matuƙa ba, gara ya sani yana ɗan shekara 14 ya nufi wajen injiniya. A duba takardun kowane ɗan aji biyar, a ga ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a takardar haihuwa da lambar NIN da rajistar WAEC, gama mun ga yaro mai ƙoƙari da bambancin shekara ɗaya a takarda ya komar da shi gida. Malamin wasanni ya buɗe rajistar masu son gudun safe. Da zarar sanarwar NDA ta fito kuma, a manna ta a allon sanarwa kusa da ofishin firinsifal, a karanta ta a taron safiya, a ajiye kwafi ɗaya wajen malamin ba da shawara domin iyayen da za su zo tambaya.