Baburan Tsere: Mai Ɓoye Aibi da Mai Hana Fili

Kwanakin baya wani ƙanenmu ya turo babur ƙirar Yamaha R6 zuwa garejin da muka saba zama da yamma. Fenti sabo, salansa na ƙyalli, shi kuma baki har kunne. Dillalin da ya haɗa cinikin ya rantse masa cewa babur ɗin na wani likita ne a Turai, daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. Bakaniken bai tanka ba. Ya tsuguna, ya haska fitilar wayarsa ƙarƙashin injin, ya nuna mana wani ɗan huji da aka huda a kan notin da ke toshe baƙin mai. Ya zagaya gaba, ya nuna irinsa a kan notocin birki. Sannan ya miƙe yana share hannu ya ce, "Ƙanena, wannan likitan naka a filin tsere yake duba marasa lafiya."

Mun yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Yaron ya tara kuɗin nan shekara biyu, kuma niyyarsa ya hau babur ɗin a titin da 'yan makaranta ke tsallakawa. Mutum biyu muke tuhuma a wannan rubutu. Na farko shi ne mai sayar da babur ɗin tsere yana ɓoye tarihinsa. Na biyu shi ne mai faɗa a ji da yake ganin maganin gudun matasa kawai a hana, a kama, a ci tara, ba tare da an ba su wurin da za su yi gudun cikin ƙa'ida ba. A ganinmu su biyun hannu ɗaya suke, ko da ba su san juna ba.

Mu fara da hujin. A gasar tseren babura ta ƙananan ƙungiyoyi, irin wadda ake yi a Ingila kusan kowane ƙarshen mako daga bazara zuwa kaka, doka ce a huda notin baƙin mai a zura masa siririyar waya a ɗaure, don kada girgizar inji ta kwance shi mai ya malale a kan hanya ya kayar da na baya. Doka ce a cire fitilu da madubai da jigon da ake jingine babur. A lagireto ruwa zalla ake zubawa, domin ruwan sanyaya inji na kanti santsi gare shi in ya zube. Duk waɗannan suna barin alama. Ana iya mayar da fitila, ana iya fesa fenti, amma hujin noti yana nan sai an canza notin.

Me ya sa tarihin yake da muhimmanci? Injin R6 yana iya juyawa sau dubu 15 da wani abu a minti ɗaya, kuma mai tsere a can sama yake riƙe shi daga tashi har ƙarewa. Shi ya sa masu tsere ba sa auna tsufan inji da abin da mita ta nuna kaɗai. Suna lissafin awannin da ya yi a fili, su buɗe shi su canza fistin da ringi da sauran kayan ciki kafin su gaji. Babur ɗin da mitarsa ta nuna kilomita dubu 5 a filin tsere ya sha wuyar da na titi bai sha ba a ninkin wannan tafiya. Ga kuma faɗuwa, wadda a tsere abin yau da kullum ce. Firam ɗin da ya ɗan karkace ba ya nunawa a ido, sai an kai gudun da kan babur zai fara rawa a hannu. Tayar tsere kuwa an yi ta ne don ta kama ƙasa in ta yi zafi, har bargon lantarki ake naɗa mata kafin a fita. A sanyinta, ko bayan ta sha zafi da sanyi sau da yawa ta ƙandare, ba ta riƙe kwalta yadda ta titi ke yi. Wanda bai san wannan ba zai dubi tayar ya ga ba ta cinye ba, ya yi wa rogo kallon kitse.

A can inda ake wannan wasa, ƙarshen kakar gasa lokacin ciniki ne. Wani zai hau aji na gaba, wani aljihu ya gaza, wani matarsa ta ce ya isa haka. Mai sayarwa na kirki yana rubuta yaushe aka buɗe injin, wa ya buɗe, sau nawa babur ɗin ya faɗi, waɗanne kayan canji za a haɗa da shi, kuma ya faɗa ƙarara cewa na fili ne, ba shi da takardun hawa titi. Ba ma cewa Turawa waliyyai ne, akwai macuta a cikinsu kamar ko'ina. Abin da ke tsare gaskiyar cinikin shi ne ƙungiya. Wanda ka sayar wa babur yau, da shi za ku jera a layin tashi baɗi, kuma duk masu gyara a filin sun ga ranar da babur ɗin ya yi tsalle ya daki shinge. Ramin ƙarya ƙurarre ne a wurin da kowa ya san kowa. Har kamfanonin inshora a Birtaniya suna da rukunin da suke saka abin hawan da ya yi haɗari, kuma wanda ya faɗa rukunin A ko B ba a yarda ya sake hawa titi ba har abada.

To da zarar irin wannan babur ya shiga kwantena ya sauka a Kwatano ko Legas, tarihinsa ya nutse a teku. Ya zama "na likita", ko "na wata tsohuwa". Idan ka tsare dillali sai ya ce ai ciniki ido ne, mai saye ya duba kayansa kafin ya biya. Wannan magana ba ta karɓuwa a nan. Duba kaya yana aiki a kan abin da ido ke iya gani. Tsagewar da ke ƙarƙashin fenti, da ƙarfen da ya gaji a cikin inji, mai sayarwa ne kaɗai ya sani, ko shi ne ya fi kusa da sani. Littattafan fiƙihun da aka karantar da mu a zaure sun daɗe da yanke hukunci cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da ita in ya gano. Idan haka ne a kan akuya mai tari, ina ga abin da ke cin mita 44 a daƙiƙa ɗaya in ya kai gudun kilomita 160 a awa? Wanda ya sayar da atamfa mai zuba ya cuci aljihu. Wanda ya sayar da babur mai karkataccen firam ya saka hannu a abin da zai faru a titi, ko da yana kwance a ɗakinsa lokacin da abin ya faru. La'adar da ya karɓa ba ta kai kuɗin likkafani ba.

Sai mutum na biyu. Duk lokacin da wani matashi ya ɗaga tayar gaba a ayarin biki ya faɗa kan jama'a, sai a tashi da murya ɗaya: a hana, a ƙwace babura. Fushin daidai ne, mu ma muna jin sa. Amma mun gwada wannan hanya mun ga iyakarta. A farkon 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta saka hular kwano, sai ga mutane da ƙoƙon duma a ka, duniya tana mana dariya. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, kuma dalilin tsaro ne ya kawo haka. Acaɓa ta ragu, amma wasan ganganci da babur a ranar ɗaurin aure da ranar sallah bai tafi ko'ina ba. A watan Disambar 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya yi mummunan haɗari a kan babban babur a Gwarimpa da ke Abuja, har sai da aka fita da shi waje neman magani. Idan gidan da ya fi kowane gida tsaro a ƙasar bai iya raba saurayi da son gudu ba, wace tara ce za ta iya? An bar jaki ana dukan taiki.

Ingila ma ta taɓa tsayawa inda muke. Dokarsu ta 1903 ta ƙayyade gudu a titi kada ya wuce mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32, kuma tsere a titin jama'a haramun ne. Masu son gudu ba su daina so ba, sai suka nemi wuri. A 1907 aka buɗe filin Brooklands, wanda aka gina musamman don tsere, kuma a nan aka kafa ƙungiyar tseren babura ta Birtaniya da ake wa laƙabi da Bemsee a 1909, wadda har yau tana shirya gasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka dubi filayen jiragen yaƙin da aka bari babu amfani, irin su Silverstone da Snetterton da Thruxton, suka mayar da su wuraren tsere. Mafi yawan masu shiga gasar ƙungiyoyi ba taurari ba ne. Masu aikin famfo ne, da direbobi, da malaman makaranta, suna kwana a bayan mota a gefen fili don rage kashe kuɗi.

Ku dubi abin da ƙungiya ke yi wa sabon shiga. Sai ya sami lasisin tsere daga hukumar ACU, wadda asalinta ya koma 1903. Sai ya saka riga mai ruwan lemo a kan kayansa don kowa ya san ɗan koyo ne, kuma ba zai cire ta ba sai ya kammala adadin tseren da aka gindaya. Da safe masu duba babura za su bi nasa noti bayan noti, su duba hularsa da rigar fatarsa, in akwai matsala ya koma tanti. A kowace kwana akwai masu tuta, 'yan sa kai: rawaya na nufin haɗari a gaba kuma ba a wuce kowa, ja na nufin a tsaya. Ba a tashi gasa sai da ma'aikatan lafiya da motar asibiti a tsaye. Kowa hanya ɗaya ya nufa, babu tirela mai tahowa, babu akuya, babu yarinya mai tallan gyaɗa.

Za a ce mana ai a can ma ana mutuwa. Gaskiya ne. Gasar TT ta tsibirin Man, da aka fara a 1907, ana yin ta ne a kan titunan gari da aka rufe, zagaye ɗaya kusan kilomita 60 tsakanin katangu da turakun lantarki, kuma fiye da mutum 250 sun rasa rai a wannan hanya. Ba ita muke roƙo ba. Muna maganar ƙaramin fili ne mai shinge, mai yashi ko tsakuwa a bakin kwana inda wanda ya faɗi zai zame ya tsaya. Haɗari ba ya ƙarewa a can, amma yana raguwa, kuma yana kan wanda ya zaɓe shi da kansa. A titin unguwa kuwa, mai tsallakawa ba a nemi shawararsa ba.

Za a kuma ce ƙasar da asibiti ba magani, ina ita ina filin tseren babur? Ba kuɗin gwamnati muke nema ba, izini da fili muke nema. Kuma tsarin ba baƙonmu ba ne. Mun san filin sukuwa a Kano, mun san na Yamai, mun san ƙungiyoyin folo a Katsina da Kaduna, inda mambobi ke biyan kuɗi, a naɗa alƙalai, a ware 'yan kallo gefe guda. Dambe ma yana da da'irarsa da mai raba faɗa. Babu wanda ya ce a hana doki don yana kayar da mahayi, sai aka ba shi fili. Ba lallai sai da R6 ba. A Ingila akwai ajin tsofaffin Honda CB500 da Suzuki SV650, an ware su don mai ƙaramin ƙarfi. Me zai hana a yi ajin Boxer da ajin roba-roba a filin ƙasa a bayan gari, da sharaɗin hular kwano ta gaske, da bakanike mai dubawa, da rajistar da za a rubuta kowane babur da kowace faɗuwa? Rajistar nan ita ce za ta kashe kasuwar maƙaryacin dillali, domin babur zai zama yana da tarihi da shaidu.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Mai sayarwa ya faɗi gaskiya ya rage farashi, albarkar da ke cikin ragin ta fi ribar da ke cikin rantsuwa. Mai saye kada ya je shi kaɗai, ya tafi da bakaniken da ba abokin dillali ba, a duba notoci, a duba inda kan babur ke tsayawa in an juya shi ko ya taɓa karyewa, a gwada lambar firam da ta takarda, a karanta shekarar da ke jikin taya. Matasanmu kuma ku sani, duk ranar da kuka mayar da titin unguwa filin tsere, kuna ƙara wa masu cewa a hana hujja, kuna kuma nisanta ranar da za a saurare ku. Ku haɗa kai, ku yi rajistar ƙungiya, ku je wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da takarda a hannu.

Ƙanen namu ya yi sa'a. Manya sun shiga maganar, dillali ya karɓi babur ɗinsa, ya dawo da kuɗin bayan ya cire wani abu da ya kira kuɗin wahala. Bayan mako biyu bakaniken nan ya ga babur ɗin a wata rumfa, an wanke shi tas, an canza notocin da sababbi marasa huji. Ya tambayi yaron shagon ko na wane ne. Yaron ya ce na wani likita ne a Turai.