Wasan jifan faifai da maganar filin jama'a a ƙasar Guci

A shekara ta 1975 aka yi gasar kokowa ta farko ta ƙasa baki ɗaya a birnin Tawa. A cikin wannan shekara kuma, a jahar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, wani mutum mai suna Ed Headrick ya kafa filin farko na wani sabon wasa a cikin lambun shan iska na Oak Grove, kusa da garin Pasadena. Shi ne wasan jifan faifai, wanda ƙungiyarsa ta duniya ta kafu a 1976.

Ga yadda ake yin sa. Kowane ɗan wasa yana riƙe da faifan roba wanda nauyinsa bai wuce giram 200 ba. Ana kafa kwanduna 9 ko 18 bisa sandunan ƙarfe, nesa da juna, kowane da sarƙoƙi masu tare faifai ya faɗa ciki. Mai wasa ya yi jifa, ya bi faifansa, ya sake jifa daga inda ya faɗi, har ya shiga kwando. Wanda ya gama zagaye da jifa mafi kaɗan shi ya yi nasara. An ari wannan ƙa'ida daga wasan golf na masu hali, amma nan ba a bukatar ciyawar da ake ba ruwa. Itatuwa ma ba a sare su, domin su ne shingen da gwani ke nuna iyawarsa.

Abin lura shi ne yadda wasan ya bazu. A Amurka da ƙasar Finlan, hukumomin garuruwa ne suka ba da wuri a cikin lambunan jama'a, kuma mafi yawan filayen kyauta ake shiga. Ɗan lakwal da tsoho, mace da namiji, kowa da faifansa. Daga nan ne wasan ya kai ga shiga gasar wasannin duniya da aka yi a Akita ta ƙasar Japan a 2001. Ke nan fili ne ya haifi ƴan wasa.

Wannan shi ne darasin da ya shafi ƙaramar hukumar Guci da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas. Kokowa ta samu gata: an gina mata fagage a manyan biranen jahohi, kamar fagen Langa-Langa na Damagaram. Amma fage wurin kallo ne, ƴan kaɗan ke karawa, dubbai na zaune. Ƴan kokowar nan kuwa a dandalin ƙauye suka tashi, inda ake langa da tamola da wasan dare bayan girbi.

To, wannan dandali shi ke cikin haɗari. Kudancin jahar Damagaram na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar, har aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Kusan rabin al'ummar ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Gonaki suna ƙanƙancewa wajen rabon gado, gidaje suna cin bakin gari, kuma filin da ba ya da takarda shi ake fara yankawa fuloti. Matashin da ya rasa wurin motsa jiki sai zaman kashe wando, ko ya tsallaka iyaka neman kuɗi.

Yankin kuwa yana da abin da wasu ke nema da kuɗi. Tun daga shekarun 1980, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka rungumi sassaben zamani, suka bar gawo ya tsiro a gonakinsu, har ƙasar ta sake rufuwa da itace. Fili mai rairayi da gawo jefi-jefi ya isa a yi wasan jifan faifai. Kwando kuma mai walda na kasuwa zai iya haɗa shi, kuma kafin a ƙirƙiro shi gindin itace da turaku ake auna.

Ba sai wasan ya iso ba za a tsare wurin. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, masu ikon shata iyaka da rubuta ƙasa a rajista. Ya kamata hukumomin gunduma da na ƙananan hukumomi, tare da sarakunan gargajiya da masu gari, su keɓe wa kowane babban gari filin wasa, a kafa masa alamu, a ba shi takarda, kamar yadda ake yi wa burtali da makiyaya. Ƙungiyoyin matasa su ɗauki nauyin shara da tsaron itatuwansa, irin aikin gayyar da samariya ta saba yi a zamanin shugaba Seyni Kunce.

Faifai ana iya sayo shi a kowace shekara, amma filin da aka gina a kansa ba ya dawowa. Tun ran gini tun ran zane.