Takardar Mai Unguwa Ba Ta Isa Ba: Jan Kunne Ga Masu Sayen Filin Kanti A Jalingo

Tun daga ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ta mai da Jalingo hedkwata, ƙasar garin ta shiga yin tsada. Ma'aikatu suka zo, bankuna suka biyo baya, aka kafa jami'ar jiha a 2008, wuraren da ake noma dawa a da a kan hanyar Yola da ta Wukari suka koma fuloti. 'Yan Arewa da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal da yawa sun lura da haka, suna aiko da guminsu gida a saya musu filin shago ko na sito, don ranar da ƙarfi zai ƙare. Niyya ce mai kyau ƙwarai. Abin da ke da ban tsoro shi ne irin takardar da ake aika musu a madadin kuɗin.

Yawanci dillali ne ke haɗa ciniki, a biya la'ada, a rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hotonta a tura wa mai kuɗi ta waya, shi kuwa ya kwanta da murna ya zama mai fili. To, wannan takarda tana da amfaninta, gama tana nuna an karɓi kuɗi, kuma mai unguwa ya fi kowa sanin wanda ya gaji wace gona. Amma fa a idon doka ciniki bai ƙare ba tukuna.

Dalili kuwa shi ne Dokar Amfani Da Ƙasa, watau doka ta 6 da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ran 29 ga Maris, 1978. Sashenta na farko ya danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Saboda haka abin da mutum ke saye a cikin birni izinin zama ne da amfani, wanda galibi akan ba da shi na shekara 99. Ga mutumin Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 haka ta tsara, ita ma ta gaji dokokin Turawa na 1910 da 1916. Mutanen Kudu ne abin ya zo wa da sabunta. An cusa dokar a cikin tsarin mulki na 1979, aka sake yin haka a na 1999, shi ya sa gyara ta ke da wuyar gaske. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyara a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan daram.

Sashe na 22 shi ne ƙashin bayan magana. Ya haramta wa mai riƙe da izinin fili a birni ya sayar, ko ya jinginar, ko ya sa wani a ƙarƙashinsa, sai da yardar gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Wanda ke tsammanin wannan maganar takarda ce kawai, sai ya tuna da shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. An karɓi rance a banki, aka ba da gida jingina, da bashi ya ƙi biyuwa banki ya tashi sayar da gidan, sai mai gida ya ce ai ba a nemi yardar gwamna ba. Kotu ta ba shi gaskiya, ko da yake tun kafin 1978 yake riƙe da wurin. In banki mai lauyoyi barkatai ya faɗa wannan rami, ina ga mai sayar da goro ko mai canji da ke Ikko, wanda bai taɓa taka filin da ƙafarsa ba? Daga baya, a 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta, ta ce ba laifi ba ne a ƙulla yarjejeniya kafin a sami yardar, sai dai cinikin yana rataye har ranar da ta fito. Mai fili a rataye kuwa, in wanda ya sayar masa ya rasu magada suka tashi, ko aka sake sayar wa wani wanda ya riga shi zuwa ofishin filaye, shi ne zai sha rana a bakin kotu.

Akwai wata dabara da dillalai ke so, ta rubuta takardar wakilci a maimakon ta sayarwa, don a kauce wa kuɗin hukuma. Kotun Ƙoli ta riga ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa wakilci ba ya mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu. Wakili wakili ne, ko da takardarsa ta sha hatimi goma.

Sai batun abin da aka ba da filin dominsa, wanda masu gina kantuna suka fi yin sakaci da shi. Kowace takardar izini tana faɗin ko wurin na gidan zama ne, ko na kasuwanci, ko na noma, tana kuma ɗauke da sharuɗɗa, kamar biyan kuɗin ƙasa kowace shekara da yin gini a cikin wa'adi. Mutum ya sayi fulotin gida a Mayo Gwoi ko Magami, ya fasa katanga ya jera shaguna, ko ya haƙa ramin tankin mai, ba tare da an sauya masa izini an amince da zanen gini ba, ya karya sharaɗi ke nan, kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin wanda ya karya sharaɗi. Sashen ya kuma yarda a karɓe fili don amfanin jama'a, kamar faɗaɗa hanya. A nan ne ake kuka, domin diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a kan ƙasar. Wanda ya sayi fili da tsada ya bar shi fayau yana jiran farashi ya hau, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

Lalle ne a faɗi gaskiya, ba jahilci kaɗai ke sa mutane gudun ofishin filaye ba. Kuɗin awo, da harajin kan sarki, da kuɗin rajista, da na yardar gwamna, ga jeka-ka-dawo na watanni, sun isa su karya zuciyar ɗan kasuwan da ba shi da halin barin rumfarsa a Kudu ya zo ya tare a Jalingo. Ya kamata Gwamnatin Taraba ta buga waɗannan kuɗaɗe dalla-dalla da Hausa, ta liƙa a ƙofar ofis, ta kuma yanke wa ma'aikatanta wa'adin da takarda ba za ta wuce shi a kan tebur ba. Sarakunan Hausawa na Kudu su ma suna da abin yi, tun da a zaurukansu ne ake fara jin labarin fili mai araha.

Kafin hukuma ta yi nata, wanda zai saya ya sa lauya ya binciki lambar filin a ofishin rajista, a ga sunan wa ke kai, da ko an jinginar da shi a banki. Ya sa safiyo mai lasisi ya duba duwatsun iyaka. In gonar gado ce, a tabbata an raba, kuma dukan magada, har mata, sun sa hannu. Ya ba da kafin alƙalami kawai, ragowar kuɗi kuwa a rubuta a cikin yarjejeniya cewa sai ranar da mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman yardar gwamna za a biya shi.