Shato ba ruwa: wa ya ƙone akwatin Adar?

A watan Afrilun da ya gabata, lokacin da rana ke dukan duwatsun Adar har mutum ba ya iya taka su da ƙafa, na sauka wani ƙauye na gundumar Keita wanda ba zan faɗi sunansa ba, don kada a ce na je yi wa wani tonon silili. Tun daga nesa baƙo ke hango shaton ruwa tsaye a kan ƙafafun ƙarfe, ga faifayen hasken rana jere suna walƙiya, ga famfuna a tsakar gari. Amma mata da yara na iske bayan jakai, da jarkoki, sun nufi gindin fadama tun asuba. Rijiyar burtsatse ba ta ƙafe ba, injin da ke ƙarƙashin ƙasa lafiyarsa lau. Mai gadin wurin ya buɗe mini wata ƙofar ƙarfe, ya nuna mini wani akwati da bai fi akwatin rediyo girma ba, ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ne ya ƙone, daren da aka yi tsawa a ƙarshen damina." Wata bakwai ke nan. Kamfanin da ya kafa shi ya gama kwangilarsa ya tafi, dillalin Yamai ya ce an daina ƙera irinsa, sabon da ke kasuwa kuma ba ya tafiya da tsohon injin, sai dai a canza su duka biyu.

Da na koma Yamai na ba wani babban ma'aikaci wannan labari, sai ya yi murmushi ya ce mini ai mutanen karkara ba su san tattalin kaya ba, duk abin da aka ba su sai sun kashe shi. Wannan magana na ji ta a zamanin jam'iyyu, na ji ta a zamanin soja, kuma ita nake son in amsa yau, domin ƙarya ce wadda ta daɗe tana rufa wa masu laifi asiri.

Mai karatu, mu fara da shaidar da kowa ya gani da idonsa. A shekarar 1984, ana tsakiyar fari, aka soma aikin raya karkara na Adar-Dutsi-Majiya, wanda duniya ta sani da sunan Proje Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM. Su wa suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan tuddai? Su wa suka haƙa ramukan dashe a ƙasar da ta yi tauri kamar siminti? Talakawan nan ne, galibinsu mata, tunda mazan sun tafi cin rani. Cikin shekara ashirin an farfaɗo da hekta sama da 34,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18. Jerin duwatsun nan suna nan, kuma inda ruwa ya ture su manomi na tayar da su da hannunsa, saboda ya san yadda aka yi su, kuma kayan gyaransu na zube a gefen gonarsa. Mutumin da ya raya tudun da ya mutu, shi za a ce bai san tattali ba? Abin da ya gagare shi shi ne akwatin da aka kulle, aka tafi da makullinsa ƙetare.

Ya kamata a san mene ne wannan akwati. Masu gyara na kiransa ondilar ko kwantarola, mu ce masa akwatin sarrafawa. Shi ke karɓar wutar da faifaye suka tara ya mayar da ita irin wadda injin ke ci. Shi ke rage gudu idan gajimare ya tare rana, ya tsayar da injin idan ruwan rijiya ya ja baya don kada ya ƙone, ya kashe shi idan shato ya cika. A masana'antu yayansa ne ke aiki, wanda ake kira otomat, wata ƙaramar kwamfuta da aka fara ƙerawa a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin masana'antar motoci. Duk inda ka ga injina na tashi suna tsayawa da kansu, a masana'antar siminti ta Malbaza ne, ko a tashar wutar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe can a 2018, ko a tashoshin tura ruwa na biranenmu, akwai irin waɗannan akwatuna a bayansu. Idan suka tsaya, ƙarfe na miliyoyin sefa ya zama gunki.

Kuma mutuwarsu ba abin mamaki ba ce, duk mai ilmin lantarki ya san ranarta na zuwa. A cikinsu akwai ƴan gwangwanaye masu ajiye wuta, waɗanda ruwan cikinsu ke bushewa da zafi. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarsu biyu. To, a ƙasar da ma'aunin zafi ke wuce 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu, me ake tsammani daga akwatin da aka rufe cikin ƙarfe a tsakiyar rana? Ƙurar hunturu na toshe masa kafar iska, zanzaro na gina ɗaki a ciki, ƙadangare na shiga ya haɗa wayoyi, tsawar damina kuma na bi ta waya ta same shi idan ba a binne sandar kariya yadda ya kamata ba. A tsofaffin otomat akwai wata masifar ta daban: umurnin da aka rubuta musu yana zaune ne bisa ƙaramin batir, ranar da batirin ya mutu aka ɗauke wuta, duk abin da injiniya ya rubuta ya goge. Idan babu kwafi a ajiye, ko kuma an sa masa kalmar sirri da mai kwangila kaɗai ya sani, to ko an sayo sabon akwati ba shi da amfani. Wanne ne laifin baƙauye a cikin waɗannan?

Su ma masu ƙera kayan ba sa ɓoye komai. Kamfanin Siemens na Jamus ya fito da otomat ɗinsa na S5 a 1979, ya daɗe da daina shi. Wanda ya gaje shi, S7-300, shi ma an fara janye shi daga Oktoban 2023, kuma an sanar da haka shekaru kafin lokacin. Haka sauran kamfanoni ke yi: su faɗi ranar da za su daina ƙerawa, su faɗi shekarun da za a ci gaba da samun kayan gyara. Masana'antun da ke da hankali suna sayen na ajiya tun da sauran lokaci. Tambayata ga masu riƙe da dukiyar ƙasa ita ce: a wane ofishi ne ake karanta waɗannan sanarwoyi? Ina littafin da aka rubuta kowane akwati da ke aiki a jahar Tawa, da sunan kamfaninsa, da lambarsa, da shekarar da aka kafa shi? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai ƙishirwa ta kama gari muke tambayar inda ake sayar da wuƙa.

Kada a ce ba a yi mana gargaɗi ba. A watan Janairun 1994 an karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100 a dare ɗaya, duk kayan gyaran da ake sayowa daga Turai kuɗinsu ya ninka. Lokacin ne kuma ƙungiyar CILSS, da kuɗin Turai, ke baza ɗaruruwan famfunan hasken rana a ƙasashen Sahel. A shekarun 2021 da 2022 duniya ta yi ƙarancin ƙwayoyin lantarki, har manyan masana'antun Turai suka riƙa jiran otomat wata da watanni. Wa zai tuna da odar ƙauyen Adar a irin wannan layi? Sannan ga takunkumin CEDEAO daga 30 ga Yulin 2023 zuwa 24 ga Fabrairun 2024, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Sau uku cikin shekara talatin aka nuna mana cewa ƙasar da ba ta da teku ba ta da ikon zama ba ajiya. Sau uku muka ji, muka yi kamar ba mu ji ba.

Za a ce mini babu kuɗi. Dokar ruwa ta 2010 da tsarin da ya biyo bayanta sun danƙa famfunan karkara a hannun komin-komin, sun ba ƴan kasuwa damar gudanar da su, kuma sun tanadi cewa daga kuɗin kowace jarka da mace ta saya a ware wani kaso a zuba a asusun sabuntawa da faɗaɗawa. Ashe talaka ya riga ya biya kuɗin akwatin tun kafin ya ƙone. Duk inda aka wayi gari babu abin sayen sabo, haƙƙin jama'a ne a karanta musu lissafin asusun nan a bainar jama'a, a ƙofar maigari, shigarsa da fitarsa. Wanda bai ci ba, ba ya tsoron a buɗe littafi.

Za a kuma ce mini ba mu da masana. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni kunya. Ƙasar nan ta kafa ofishin binciken hasken rana, ONERSOL, tun 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni Diyoffo, haifaffen Tasawa, ya shugabance shi yana ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki a Yamai lokacin da ƙasashe da dama ba su ma fara tunanin abin ba. Yau muna da makarantar EMIG, da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da jami'ar Maraɗi, suna yaye samari da ƴan mata masu iya karanta zanen lantarki. Da yawansu na zaune ba aiki, ko suna gyaran salula a bakin kasuwa, alhali gyaran akwatin da ya hana gari shan ruwa sau da dama bai wuce canza gwangwani ɗaya ko fis ba. An hana su taɓawa ne da sunan garanti, garantin da ya ƙare tun tuni.

Abin da nake nema ba ya bukatar taron ƙasa. Kada a sake karɓar wani famfo ko wata masana'anta daga hannun mai kwangila sai ya ajiye akwatin sarrafawa na biyu, da zanen wayoyi, da kwafin umurnin da ya rubuta, da kalmar sirri, a hannun mai kayan. A fifita injinan da kowane akwati na kasuwa ke iya tuƙawa, a kan waɗanda aka ɗaura musu aure da kamfani ɗaya har mutuwa. A taƙaita ire-iren da ake kawowa, yadda ɗakin ajiya guda a Madawa ko a Tawa zai wadatar da Keita da Buza, maimakon kowane mai ba da taimako ya zo da nasa launi. A riƙa kunna na ajiyar lokaci-lokaci, domin akwatin da ya shekara da shekaru a kwali ba wuta shi ma yana lalacewa. Wanda kuma dole ta sa shi sayen na hannu a Sabon Garin Kano ko a Alaba ta Legas, ya tafi da mai gwadawa, domin jabu na nan sanye da rigar na gaske.

Mun saba da bikin yanke ƙyalle, da rawani da kaki da jawabi, saboda sabon shato yana fita a hoto, akwatin ajiya kuwa ba ya fita. Amma matan da na gani bayan jakai su ne, ko ƴaƴansu, waɗanda suka ɗauki duwatsun Adar a ka har duniya ta zo kallo. Sun biya da guminsu, sun biya da kuɗin jarka. Kafin wani ya sake buɗe baki daga ofis mai sanyi ya ce ba su san tattali ba, ya fara nuna mana inda ya ajiye makullin akwatin, da inda kuɗin asusun suka kwana. Allah ya kyauta.